Tukunya Mai Garwashi a Tsaka

Ranar da Halima Sadiya ta fara ganin Sirajuddeen, ko fuskarsa ba ta kalla ba. Hannuwansa ta gani, baƙi ƙirin, suna danna jiƙaƙƙen yashi a akwatin zubin tukwane, a wata rumfar maƙera da ke bayan kasuwar Kalgo. Ta yi sallama a taƙaice, ta miƙa masa waya.

"Kana iya ƙera wagga?"

Ya goge hannu a wando ya karɓa. Hoton wata tukunya ce mai faɗi, da bututu a tsakiyarta cike da garwashi. An jera nama da ƙwai da kayan lambu kewaye da bututun, kowane launi da wurinsa.

"Wagga tukunya ta ko kaskon turare?"

"Tukunya ta. Sinsollo sunan abincin, na fadar sarakunan Koriya na da. Wuta na tsaka, romo na kewaye, bai hucewa har a ƙare ci."

Ya yi dariya, ya ɗago don su yi tare. Bai ga ko alamar murmushi ba, sai ya haɗiye tasa.

Wata biyar ke nan da rasuwar Inno, mahaifiyarta, kuma Sadiya ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba. Matan Gwandu suna ta yaba tawakkalinta. Ba tawakkali ba ne, ba ta dai jin komai. Tana karatu a jami'a kusa da Kalgo, duk Juma'a ta hau mota gida, ta tarar da abu ɗaya. Mahaifinta Malam Usman, wanda take kira Baffa, ya daina cin abinci. Zai zauna gaban kwano yana kallon bango har miya ta daskare, sannan ya taɓa ya ce, "Ya huce," ya ture. Mutumin da yake bin shanunsa a ƙafa har wajen Malisa, yanzu riga ta yi masa yawa.

Muzzammil, ɗan Goggo Jidda ƙanwar Baffa, wanda kowa ya san shi ake wa tanadin Sadiya, ya kawo wata kula mai tsada daga Birnin Kebbi. Abinci yana yini da ɗumi a cikinta. Baffa ko murfin bai buɗe ba. Shi ya sa da ta hangi tukunyar nan a wayar Hajara, abokiyar ɗakinta mai kallon finafinan Koriya, ta ce a tura mata hoton.

Bayan kwana huɗu saƙo ya shigo.

"Gimbiyar Koriya, barka da hantsi. Tukunyarki ta yi yoyo a gindin bututu, ruwa ya kashe wutar. Na narkar da ita. Ni da ita sai ɗaya ya gaji."

Ta rubuta, "To."

"To kawai? Ko sannu da aiki babu? Gwangwanin lemo nawa suka mutu saboda ke!"

"Sannu da aiki."

"Yawwa. Yau na ci riba."

Haka aka shafe mako uku, shi da surutu, ita da kalma bibbiyu. Ba ta ji bugun zuciyar da 'yan mata suke ba da labari ba. Abin da ta lura kawai, in hantsi ya yi tana duba waya.

Ranar da ta je karɓar tukunya, ya goge ta tana ƙyalli. Ya naɗe ta a buhu, amma bai saki ba.

"Sadiya, ina son ki. Na hwaɗi, in huta."

"Sirajo, ni ban jin komi. Ko gishiri ban ji a bakina tun da Inno ta rasu. Kuma ban zuwa gidan kowa in bar Baffa cikin wanga hali."

"Ban ce ki ji yau ba, Gimbiya. Kai ma Baffa tukunyarshi."

Goggo Jidda ce ta fara kwance buhun. Ta leƙa bututun, ta ja da baya tana salati. Da ta ji wanda ya ƙera, da kuma yawan saƙonninsa, sai ta ɗora hannu a ka.

"Maƙeri? Ke ba ki san su da wuta ba? Ina kinka taɓa ganin tukunya da wuta cikin cikinta? Asiri na, wallahi! Ki ci, ubanki shi ci, shi ke nan an gama da ku."

Ta jefa tukunyar a bayan rumbu, ta kai ƙara. Baffa bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Mu ba mu taɓa ba maƙera ɗiya ba," da muryar da zai ce an yi la'asar.

Sadiya ta rubuta, "Sun ce asiri ka yi a tukunyar. Baffa ya ce a'a. Kada ka sake kira na, ka yi haƙuri." Ta tura, ta jira ta ji zafi. Shiru. Sai ta tashi ta yi wanke-wanke.

Ran Asabar da la'asar sai ga Sirajo a ƙofar gida, da farar riga da ƙunshin ɗanyen kifi. Ya durƙusa gaban Baffa a zaure.

"Baba, ba neman aure ya kawo ni ba yau. An ce na sa asiri cikin aikina, kuma da aikin ga nika ci. A dahwa abinci cikinta, in ci gabanka. In da wani abu, ni shi fara kamawa."

Baffa ya ɗaga hannu, irin na wanda komai bai dame shi ba. Goggo ta ce a yi, kowa ya gani.

Sadiya ta ɗauko tukunyar ta wanke. Ta tsoma hanta da kifi a ruwan ƙwai ta soya. Ta soya farin ƙwai daban, gwaiduwa daban, ta yanka su sala-sala. Ta mulmula niƙaƙƙen nama ƙanana, ta yanka karas, ta sa gyaɗa a madadin 'ya'yan itacen da ba a samu a Gwandu. Ta jera su kewaye da bututun kamar yadda ta gani a hoto, ta zuba romo, ta kai zaure, ta koma bayan labule.

Sirajo ya ɗebo garwashi da awartaki ya zuba a bututun. Ba a jima ba romo ya fara tafasa, ƙamshi ya cika zaure. Ya yi bismilla ya ci. Ya ƙara. Idonsa ya kawo ruwa, ya ci gaba da ci.

Baffa yana kallon bango. Aka daɗe, daɗewar da ko wace miya ce da ta daskare. Amma duk lokacin da tafasar ta lafa, sai Sirajo ya sa garwashi ɗaya. Can Baffa ya miƙa hannu don ya ture, kamar kullum. Ya janye da sauri.

"Bai huce ba."

"Bai hucewa, Baba, in da mai kula da wutar."

Baffa ya karkata kai yana sauraro. "Haka tukunyar Inno ka yi," in ji shi a hankali. "Daga wanga wuri nika jin ta, in san an kusa."

Ya ɗauki cokali. Ya kai baki, ya tauna, ya haɗiye, ya ƙara. A bayan labule Sadiya tana ƙirgawa ba da niyya ba. A na bakwai ya tsaya.

"Sadiya! Taho ki ɗanɗana abin da kinka yi muna. Gishirin garin ga duka kinka juye?" Ya juya ga Sirajo. "Kai kuma ka zauna kana ci, ko tari babu?"

"Baba, na ji tsoron a ce asirin na ya kama ni."

Baffa ya yi dariya, ƙarama, mai tsatsa. Sadiya ta durƙusa ta karɓi cokalin ta kurɓa. Gishirin ya sare ta har tsakar ka. Ta ji shi, ta ji barkono, ta ji hayaƙi. Sai ta ji ashe Inno ta rasu, da gaske ta rasu. Ta kifa kai a gwiwar Baffa ta yi kukan wata biyar, shi kuma yana shafa kanta da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da cokali.

Goggo ta ce ai ga asirin nan ya fara aiki. Baffa ya ce, "Jidda, na ci tukunya guda da shi. Da wane baki zan ce bai isa ba? Shi turo manyanshi."

Da hantsin washegari, ita ta fara turawa.

"Mai garwashina, sannu da aiki."

"Gimbiya, kalma biyar? Bari in rufe rumfa, yau hutu."

Bayan ta gama jarrabawa aka ɗaura aure a Gwandu. Muzzammil ya halarta, kuma kularsa ta shiga kayan amarya, don ba a asarar abu mai kyau. Tukunyar a zauren Baffa ta zauna, kuma Goggo Jidda ce take sa mata garwashi, tana mita tana ci.

Da za a tafi da amarya Kalgo, Baffa ya kama hannunta ya sa a hannun nan mai tabon wuta.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zuri'a ta gari. Sirajo, ga ta nan. Kak ka bari ta huce."

Sadiya ta ce amin cikin kuka, tana jin gishirin hawayen a bakinta.