Ciwon Da Ya Sauya Gwiwa

Sufeto bai gama kurɓar shayinsa na safe ba, sai ga wata tsohuwa ta faɗo ofis, sanda a hannu ɗaya, waya a ɗaya hannun. Kofur, matashiyar 'yar sandan da ke kan teburin karɓar ƙara, ta miƙe za ta tare ta. Tsohuwa ta zagaye ta kamar turmi aka ajiye a hanya.

"Kai ne babbansu?"

"Ni ne, Iya. Zauna ki huta."

"Ban zo hutu ba, ɗan nan. Jikata aka sace mini. Tana nan cikin ɗaki, amma wallahi ba ita ba ce."

Ta dangwara masa wayar a kan tebur. Bidiyo ne gajere. Wata yarinya tana gudu a filin makaranta, sai ta yi tuntuɓe ta kife, ta dafe gwiwa. An maimaita faɗuwar, an ɗora mata kukan jaki, an rubuta a ƙasa: "Ga gwanar taku." Wani shafi ne marar sunan mai shi ya fara sakin bidiyon, daga nan yara suka yi ta tura wa juna.

"Walƙiya ake ce mata," in ji tsohuwa. "Shekararta goma sha huɗu, duk makarantar babu mai kamo ta. Ranar Asabar za a yi tseren da za a zaɓi masu wakiltar makaranta. Yanzu ko leƙowa ta yi waje sai yara su fara kukan jaki. Ta cilla takalman gudunta kan rufi, ta ce ita da gudu har abada."

Sufeto mutum ne mai son raha, mai tumbi daidai gwargwado, mai ji da sumar kansa fiye da yadda sumar ta cancanta. Amma wannan bidiyon bai ba shi dariya ba, haushi ya ba shi. Ya dubi Kofur.

"Za a iya gano mai shafin?"

"Sai mun rubuta wa masu dandalin, Yallaɓai. Kafin su ba da amsa an yi tseren, an ma manta wanda ya ci."

"To da ƙafa za mu nemo shi. Ɗauko mota."

Gidan ƙarami ne, tsaf-tsaf. Walƙiya tana zaune a ƙarshen gado ta juya wa ƙofa baya. A bango an jera lambobin yabo, amma an yafa musu tsohon zane. Sufeto ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

"'Yata, ni ma na taɓa faɗuwa a gaban jama'a. Ranar fareti ce, har hulata ta yi gaba ta bar ni."

Ba ta juyo ba ta ce, "An ɗauke ka a waya?"

"A'a."

"To ba ɗaya ba ne. Kai sau ɗaya ka faɗi. Ni kullum faɗuwa nake yi a wayar kowa."

Maganar ta shige shi. Sai idonsa ya sauka kan bandejin da ke ƙafarta. Ya zaro waya ya sake kallon bidiyon, ya dubi ƙafar, ya dubi wayar.

"Wace gwiwa kika buga?"

"Ta dama mana. Ga ta."

"A nan kuwa ta hagu kika dafe. Iya, jikarki tana sauya wa ciwo wuri ne?"

"Ka ji ɗan nan da wata magana!" in ji tsohuwa.

Kofur ta leƙo. "Yallaɓai, har tambarin rigarta ya koma ɗaya ɓangaren. Hoton a juye yake."

Walƙiya ta juyo a karon farko. Sufeto bai bari damar ta wuce ba.

"Mu yi yarjejeniya. In na kamo wanda ya yi wannan kafin a busa usur ranar Asabar, za ki sa takalmi?"

"In ka kamo."

"Iya, a samo tsani a sauko da takalman nan."

A makaranta, malamin wasanni ya rantse babu ɗalibin da ya shigo fili da waya a ranar da Walƙiya ta faɗi. Ya ce idonsa na kan yaran tun daga farko har ƙarshe.

"Madalla. To wace gwiwa ta buga?"

Malam ya sosa ƙeya. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa, daga bisani ya amsa cewa ya ɗan zagaya shan ruwan sanyi, da ya dawo har an ɗaga ta. Amma batun waya gaskiya ne, a ofishin makaranta ake karɓe su da safe.

Sufeto ya shiga ajin su Walƙiya, ya tsaya gaban allo yana murmushi.

"Wanda bai tura bidiyon nan wa kowa ba, ya ɗaga hannu."

Hannaye suka tashi kamar an shuka su.

"Kai, masha Allah! Aji na salihai. To Kofur za ta karɓo wayoyinku ta duba su ɗaya bayan ɗaya."

Hannayen suka fara sauka a hankali, kowa na kallon silin. Wani ɗan lukuti a baya ya ce, "Yallaɓai, ni wasa na ɗauka. Kuma mutum ɗaya kawai na tura wa."

"Shi ma ɗayan ɗaya ya tura wa, har aka cika gari. Kun yi dariya kun wuce, ita kuma tana ɗaki ko abinci ba ta ci. In irin wannan ya sake zuwa wayarku, kada ku tura. Ku nuna wa babba, ku kai ƙarar shafin, sannan ku je ku zauna kusa da wanda aka yi wa. Yanzu ku taya ni aiki."

Kofur ta riga ta rage kukan jakin a na'urarta. A ƙarƙashinsa akwai wata ƙara siririya, zzzz, sai ta sarƙe, a ji ƙwas-ƙwas, sannan ta ci gaba. Aji ya kaure da hasashe. Wani ya ce ƙudan zuma ne, wata ta ce firji, ɗan lukutin ya ce cikin malamin lissafi ne. Har Sufeto sai da ya dara.

Yarinya ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Doguwa ce, tana gaba kusa da taga, ta ƙanƙame biro. Ta-Biyu suke ce mata, domin duk tseren da aka yi ita ke bin bayan Walƙiya, kuma su biyun ƙawaye ne tun suna ƙanana.

"Kin san ƙarar nan, 'yata?"

"Ban sani ba. Ni ko bidiyon ban kalla ba."

Ta faɗa da sauri, idonta ya ciko. Sufeto bai matsa mata ba. Da suka fito, Kofur ta ce, "Ita ce, Yallaɓai. Wa zai ci riba in Walƙiya ba ta yi gudu ba?"

"Tana cikin fili lokacin, a bayan Walƙiya, ba waya a hannunta. Ba ita ta yi ba, amma ta san ƙarar. Tambayo mini sana'ar mahaifinta."

Ranar Asabar da safe fili ya cika, an kafa rumfuna, ana gwada lasifika. Sufeto ya bar Kofur a mota, ya tsallaka titi zuwa jerin shagunan da ke fuskantar filin, ya shiga na mai aski, mahaifin Ta-Biyu.

Mai aski siriri ne, mai fara'a da surutu. Yana shara ne, kuma bai juyo ba. Ta cikin babban madubin bango ya dubi baƙonsa.

"Maraba da Yallaɓai! Yau manya ne a shagon namu. Bismillah, zauna."

Ya yafa masa ƙyalle, ya kunna inji. Wani ya wuce a waje ya ɗaga hannu, mai aski ya amsa masa ta madubi. Mai sayar da ruwa ya leƙo, ta madubi aka sallame shi. Sufeto ya lura mutumin nan sam ba ya juya wuya, duniyarsa duk a cikin gilashin take. Shi ma ya ɗaga ido. Ga filin makaranta nan tarwai a madubi, ga kwanar da Walƙiya ta faɗi.

"Kana kallon tsere kyauta ke nan."

"Ina fa, Yallaɓai! Aiki ba ya bari. Ranar da yarinyar nan ta faɗi ma ban buɗe shago ba."

"Wace yarinya? Ni ban ce wata ta faɗi ba."

"A'a, ai... gari ya ɗauka. Ni waya ma ban iya ta ba, daga kira sai amsawa."

Inji ya ci rabin sumar Sufeto, zzzz, sai ya sarƙe. Mai aski ko dubawa bai yi ba, ya ƙwanƙwasa shi a hannun kujera, ƙwas-ƙwas, injin ya ci gaba.

Sufeto ya zaro waya daga ƙarƙashin ƙyalle ya kunna. Zzzz, ƙwas-ƙwas, zzzz. Injin da ke hannun mai aski da na cikin waya suka yi amshi tare.

"Kashe injin," in ji Sufeto. "Kowa in zai ɗauki hoto juyawa yake ya fuskanci abin. Kai kaɗai ne ka saba kallon komai ta madubi, har ka manta madubi yana mayar da dama hagu. Yarinya ta buga gwiwar dama, kai ka nuna wa duniya ta hagu. Miƙo wayar."

Mai aski ya zauna daɓas a benci. Shafin yana buɗe a wayarsa, ko fita bai yi daga ciki ba.

"Yallaɓai, 'yata nake ɗauka a ranar, wallahi. Ina aski da hannu ɗaya, ina ɗaukarta da ɗaya. Sai waccan ta faɗi. Kullum tawa ce ta biyu, har ya zame mata suna. Na ce bari in ɗan rage wa waccan kai, ko tawa ta samu ta ci sau ɗaya. Ban zaci abin zai kai haka ba."

"Ka tambayi 'yar taka ko tana so? Ta gane ƙarar injinka a gaban aji, ta yi ƙarya don ta rufa maka asiri. Ka raba ta da ƙawarta, ka kuma ɗora mata wannan kayan. Goge shafin a gabana, sauran bayani a ofis."

Ya goge. Sannan ya dubi kan Sufeto a marairaice. "Ko in ƙarasa maka askin?"

"Mutumin da na kama ba ya riƙe ƙarfe a bayan kunnena. Mu je."

Sufeto ya kifa hula suka fito. Kafin su kai mota labari ya riga su. Yara suka yo ca daga fili, kuma da yake ranar gasa ce kowa da wayarsa. Wayoyi suka tashi sama, wasu na saitin mai aski, wasu na saitin Ta-Biyu da ta tsaya a bakin titi ta rufe fuska.

Sai ga Walƙiya ta ratso taron, kakarta na biye da takalma a leda. Ta dubi mai aski, kallo ɗaya. Sannan ta je ta tsaya a gaban Ta-Biyu, ta kare ta da jikinta.

"Ku sauke wayoyin nan."

"Ai babanta ne ya yi miki!" in ji wani.

"Na ji. Ni aka yi wa, ni na san yadda yake. Ku sauke."

Ɗan lukutin nan ne ya fara tura tasa aljihu, sauran suka bi. Daɗi ya kama Sufeto har ya rasa inda zai sa kansa.

"Tunda kun yi abin kirki, ga tukwici. Amma da ido kawai!"

Ya cire hula. Rabin kai fes kamar ƙwai, rabi kuwa suma tsaye. Fili ya ɗauki dariya, tsohuwa ta riƙe ciki tana cewa, "Wayyo ɗan nan, wa ya yi maka wannan aika-aika?" Walƙiya ta yi ta dariya har da hawaye, Ta-Biyu ma ta leƙo ta tsakanin yatsu ta fashe. Babu wayar da ta fito.

"Na cika nawa," in ji Sufeto.

Walƙiya ta karɓi leda, ta zauna a ƙasa ta ɗaure takalmi, ta ja hannun ƙawarta. "Taso. Kuma kada ki raga mini."

Kofur ta ja mota a hankali ta gefen fili, Sufeto da mai aski suna baya. Aka busa usur. Mai aski ya miƙa wuya yana leƙen madubin gaban mota.

"Tsaya, Kofur," in ji Sufeto. Ya sauke gilashi, ya dafa kafaɗar mutumin. "Juyo. Yau dai kalla da idonka."

Mai aski ya juyo. Walƙiya ce ta fara tsallake layi, 'yarsa na dab da ita. Ta biyu, kamar kullum. Amma ba ta tsaya ba, ta faɗa kan ƙawarta ta rungume ta, suna tsalle suna ihu kamar tare suka ci.

"Dariya take yi," in ji mai aski a hankali. "Dama haka take yi in ta zo ta biyu?"

"Kullum, in ji malaminsu. Kai ne ba ka taɓa juyowa ba."

Mai aski ya share ido da bayan hannu. Sufeto ya mayar da hularsa, ya gyara mata zama a kan rabin sumar da ta rage, ya ce wa Kofur su tafi.