Gilashin Da Ba Ya Tashi

Wayar ta yi ƙara karo na huɗu a kan katifa, Suwaibatu ba ta ko waiwaya ba.

Tana durƙushe gaban tankin kifin da mijinta Mani ya bar mata, hannunta duk toka, soson ƙarfe yashe a gefenta.

"Innalillahi... na shiga uku!"

Da safe ta gaban tankin nan kana hango komai tar: kifaye biyu masu ruwan lemo da farin zane, da 'yan rassan murjani mai rai suna kaɗawa a cikin ruwan gishiri. Yanzu gaban ya yi dishi-dishi, duk zane, kifayen sun koma inuwa kawai.

Wata takwas ke nan da aka kawo ta Ƙanƙara daga Sabuwa. A ciki, wata ɗaya rak ta yi da angonta. Mani yana Legas, yana aiki a wani kamfani mai haɗa tankunan kifin teku a otal-otal, kuma tun kafin aure ya ɗauko wannan ƙaramin ya dasa a ɗakinsa, ya saka masa sola da batir don injin ruwan kada ya tsaya. Ranar da zai koma ya koya mata awon gishiri, da yawan abincin da za ta zuba, da cewa in ruwa ya ragu tataccen ruwa zalla ake ƙarawa. Ya bar mata wani tattausan ƙyalle. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne tankin na roba ne mai kama da gilashi, ko farce ya goge shi sai ya bar tabo.

Ita kuwa Shafa'atu, ɗiyar ƙanwar Hajiya uwar Mani, ta sani sarai. A gabanta ya taɓa gargaɗin mutanen gidan. Kuma duk unguwa an san ta daɗe da sa rai da ɗakin nan kafin a kawo baƙuwa daga Sabuwa.

Ɗazu da hantsi ta leƙo, ta ga gishiri ya bushe fari a jikin tankin.

"Haba amarya, wagga ƙazanta hwa? Ƙyalle zai fidda wanga? Ki sa mishi toka da soso kamar tukunya, ki gani in bai yi ƙyalli ba."

Suwaibatu kuwa a gidansu babu wanda ya kai ta iya wanke tukunya. Ta zage ta dirje shi da iya ƙarfinta, don mijinta ya ji daɗi.

Wayar ta sake ruri. Kiran bidiyo ne. Ta kashe, ta kira shi da murya kawai.

"Suwai, lahiya? Ina ta kira."

"Lahiya lau, Yaya... kyamarar ce ta lalace."

"Ash-sha! Ya kifayen? Kin auna gishiri?"

Kullum haka ne. Mani mutum ne da in ka ba shi dama zai yi maka bayanin gishiri har rana ta faɗi, amma ya buɗi baki ya ce ya yi kewar matarsa, sai ka ce an ɗora masa buhun masara.

"Na turo miki hotuna," ya ci gaba. "Babban tanki nake so mu yi, mai cin ruwa kamar duro uku. Akwai na Jamus, akwai na Sin, akwai wanda wani ke haɗawa nan Legas. Amma ki hwara zaɓa min: gilashi ko roba? Roba ba ta da nauyi, mutum biyu sun ɗauke ta, ramukan hanyar Huntuwa ba su hwasa ta. Gilashi kuwa nauyi gare shi, inda aka aje shi nan zai dawwama. Ke za ki zaɓa, Suwai."

"To, Yaya."

"To mi?"

"Zan duba."

Ta ajiye wayar, ta kifa kai a gwiwa ta yi kuka mai isarta. Ba tabon tankin kaɗai ke cin ta ba. Ƙaramin ma ya cinye mata hirar miji, ina ga mai duro uku?

Kwanaki suka yi ta tafiya, kyamara ba ta gyaru ba. Da la'asar, idan gida ya yi tsit, matan maƙwabta sun tafi suna ko biki, sai ta jawo kujera 'yar tsuguno ta zauna gaban tankin. Akwai wani ɗan lungu ta gefe da soso bai kai ba, ta nan take leƙa kifayen. Kullum tare suke, inda ɗaya ya juya nan ɗayan zai bi. Har ta fara yi musu magana, tana ba su labarin Sabuwa da ƙannenta, ƙarar injin ruwan ce kawai ke amsa mata.

Hajiya dama ba ta taɓa son abin ba.

"Kifin da ba a miya da shi, mi ye amfaninshi? Mijinki ya bar ki da gadin ruwa, ke ko kin zauna kina ramewa."

Daga Sabuwa ma Baba ya aiko yayanta da saƙo: in har mijin nata bai da ranar dawowa, ta zo gida ta huta har a zauna a yi magana. Ta ce a gaya wa Baba ta ji. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba.

Shafa'atu ta tsinci zancen a tsakar gida, kafin magariba ya isa Legas da ƙari a kai: amarya tana haɗa kaya, ta daina kula da kifi, ita ce ma ta ƙi a gan ta a waya.

Daga ranar kiran Mani ya ɗauke.

Kwana ɗaya. Biyu. Uku.

Suwaibatu ta dinga duba wayar har ta haddace tsagar da ke jikin fuskarta. Ta buɗe hotunan da ya turo ta yi ta kallo, tankuna manya-manya cike da murjani kala-kala, ba ta ga komai a cikinsu ba sai nisan da ke tsakaninta da shi. A rana ta huɗu ta sauko da akwatinta daga kan sif da gaske. Ta ninke zannuwa uku, ta tsaya. Idan ta tafi wa zai ƙara musu ruwa?

Tana tsaye da zane a hannu ta ji tsayuwar babur a ƙofar gida, sannan sallamar da ko cikin barci ta san mai ita.

Sai da Mani ya gaida Hajiya kafin ya ɗaga labulen ɗakin. Ya rame, rigarsa duk ta yamutse. Idonsa ya sauka kan akwatin, ya daɗe a nan.

"Ashe gaskiya ne..."

"Yaya..."

"Tahiya za ki yi, Suwai? Ko sallama babu?"

Ta matsa gefe kawai, ta yaye zanen da ta lulluɓe tankin da shi.

Mani ya durƙusa. Ya shafa gaban robar da yatsa, ya leƙa ta lungun nan, ya ga kifayen garau, murjanin ma har ya yi sabon reshe.

"Mi ya same shi?"

"Toka... da soson ƙarhe." Hawaye suka ɓalle mata. "So na yi ya yi ƙyalli ka ji daɗi. Shafa'atu ta ce haka ake yi. Na ji tsoro in ka gani ka ce na kashe maka abin da ka hi so a duniya!"

"Abin da na hi so?"

Ya miƙe a hankali.

"Sati uku kina ɓoye min huskarki saboda roba? Suwai, kin san abin da sati ukun nan suka yi min?"

"To ai kai ma ba ka taɓa tambayata ni ba! Kullum kifi, kullum gishiri! Ni kaɗai nake kwana, ni kaɗai nake tashi, in ka kira kuma sai zancen babban tanki!"

Kunya ta kama shi har ya rasa inda zai sa idonsa.

"Ni ban iya magana ba, kin sani," ya ce can ƙasa. "Na samu aikin kula da wasu tankuna a Katsina da Kano, in je in dawo. Amma ban san ko kina so in dawo ba, ko kin hi son in ɗauke ki mu koma Legas. Shi ya sa na ce ki zaɓa. In kin ce roba, mu naɗe mu tahi da ita. In kin ce gilashi..."

"Sai mi?"

"Tanki mai duro uku mutum ɗaya bai iya riƙonshi. Dole mai shi ya zauna."

Suwaibatu ta kalle shi, dariya da kuka suka haɗe mata. Wai duk wannan dogon bayani na Jamus da Sin, tambayar da ke ciki ke nan!

"Amma Yaya kai ma dai... da ka hwaɗa min haka tun farko mi zai ragu a jikinka?"

Daga tsakar gida suka ji muryar Hajiya, wadda ashe duk ta ji, tana ƙwala wa Shafa'atu kira da irin muryar da ba ta alheri ba.

Mani ya kamo hannun matarsa.

"To, abar ƙaunata, har yanzu ba ki zaɓa ba."

"Gilashi."

"Shina da nauyi hwa. Hanya na iya hwasa shi."

"Sai ka zauna bayan mota ka rungume shi tun daga Huntuwa." Ta share hawayenta da bakin mayafi. "Ka samo wanda ya hi kowane nauyi, Yaya. Wanda in aka aje shi a ɗakin nan, ko maza goma ba su ɗaga shi."

Ya sunkuya ya ɗauki zannuwan nan uku daga cikin akwatin, ya mayar da su sif da hannunsa.