Sharar da Aka Zuba a Ruwan Jikwoyi

Kai, ku matso ku ji abin da ya faru gidan Malama Rekiya, wadda take koya mana rage shara a makaranta! Ranar Talata ce, dab da magariba, hadari ya haɗo a Jikwoyi. Kun san unguwar, ruwa na fara sauka kowa sai ya fito da kwandon shara ya juye a kwata, ruwa ya tafi da ita kwari. To ashe ita ma Malama haka take yi a gida. Ta ce wa 'yarta Rumasa'u, "Yi maza ki zubar kafin ya ɗauke."

Yarinya ta dawo shiru. Ta zauna a tsakar gida cikin ruwa, ba ta ko ƙifta ido. Can sai aka ji abu yana faɗowa kan rufin kwano, ɗaya bayan ɗaya. Malama ta leƙa, ta ga ledojin fiya wata ne cike da laka, ga gwangwanin tumatir irin nata.

Kwana uku ana haka, sannan aka kira Malam Saleh mai ruƙiyya. Ya daɗe yana karatu kafin bakin yarinyar ya buɗe, da muryar tsohuwa.

"Ni ce a kwarin. Ledarku ta toshe mana ƙofa, ruwa ya ci jikana."

"Baiwar Allah, yarinya ce, aikenta aka yi," in ji Malam.

"Na sani. Mai aiken ai tana koya wa 'ya'yan wasu. Muna jinta ta taga."

Malama ta durƙusa tana kuka. "Iya, ki ɗauke ni, ki bar ta."

"Me zan yi da ke? Zan fita, amma muryarta tana wurina, sai kin kwashe abin da kika zuba shekara bakwai. Naki kaɗai, na san su."

Rumasa'u ta yi atishawa sau uku ta farka. Ta motsa baki za ta ce Mama, babu sauti.

Da safe Malama ta sauka kwarin da buhu. Leda ce baƙa da fara, kan juna, har inda ido ya tsaya, ta dukan unguwa. Ta ɗago ɗaya tana jujjuya ta, ta waiwayo ta dubi 'yarta a bakin gaɓa.

"Rumasa'u, wannan tamu ce?"