Darasin Ƙarshe na Malam Gaji

Sufeto Kalli na zaune a ofishinsa da ke Gashua wata mata ta shigo, ta ajiye katin memori a kan tebur. Ba ta yi kuka ba, muryarta ma ba ta motsa ba.

"Sunana Mas'uda, 'yar marigayi Malam Gaji. A kasuwar Nguru aka sayo wannan."

Kafin Malam Gaji ya rasu, ta ɗauki bidiyonsa yana koyar da yaren Bade. Ta buɗe shafin intanet, 'ya'yan Bade da ke Abuja da Legas suna biya duk wata suna kallo.

"Sata dai aka yi miki ke nan," in ji Kalli.

"Ba ita ta kawo ni ba, yallaɓai. Akwai darasi na ƙarshe a ciki. Ciwo ya riga ya cinye shi, yana neman kalma tana ɓace masa, yana kuka. Na yi alkawarin ba wanda zai ga Baba a haka."

Kalli ya hau mota sai Nguru, shagon Hizbullahi wanda ya haɗa shafin.

"Ai mamba ne ya sauke, yallaɓai. Kowa zai iya."

"Wace manhaja kuka sa ta karɓar mambobi?"

"Biyu muka gwada. Ɗaya tana sakin komai lokaci guda, har ka sauke a wayarka. Ɗayar kuwa darasi ɗaya take buɗewa a mako, kallo kawai. Ta biyun Malama Mas'uda ta zaɓa."

"To, mamba ya sauke abin da ba ya saukuwa, kuma wanda ba a buɗe ba?"

Hizbullahi ya kalli fankar da ke sama. Can ya ce shafin gwajin, mai manhajar da aka ƙi, ya manta bai goge ba. Duk bidiyon suna ciki.

"Wa ke da kalmar sirrinsa?"

"Ni da ita. Sai ƙanenta Saleh. Shi ya nace a ɗauki ta farkon, har suka yi cacar baki a nan."

Mai tura fina-finai a bakin kasuwa, wanda ya sayar da katin, ya rantse bai san wanda ya kawo bidiyon ba. Kalli ya zauna a bencinsa, masu saye suka riƙa kaucewa. Da ciniki ya tsaya cak, sai ƙwaƙwalwar mutumin ta dawo.

"Wani mai bandar kifi ne daga Gashua. Kyauta ya ba ni, ya ce in tura wa duk mai so."

Da suka koma Gashua, Kalli da kofur ɗinsa da Mas'uda suka sami Saleh a bakin kogi yana juya kifi a kan ragar banda. Mas'uda ta tsaya nesa da hayaƙin.

"Ni waya ma da ƙyar nake kira, yallaɓai."

"Mai tura fina-finai yana cikin mota. In kira shi?"

Saleh ya ajiye sandar hannunsa.

"Ni ne. Yaya, Baba a ƙofar gida ya koyar, wa ya taɓa biyansa? Kin sa wa bakinsa kwaɗo. Masuntan da suka yi masa salla ba su da katin banki. Na ce ki ɗauki wadda za a iya rabawa, kin ƙi."

"Ka kalli na ƙarshen?" ta tambaya.

"Wane na ƙarshe? Duka na kwashe."

Kalli ya miƙa masa waya. Tsohon ya bayyana, hula ta yi masa yawa. Ya ɗaga komar kamun kifi, ya kasa faɗin sunanta da Badanci. Ya juya yana tambayar ko Saleh ya tuna. Sai hawaye.

Saleh ya kalla har ƙarshe. Kifi na ƙonewa, ba wanda ya kula.

Kofur ya ciro ankwa, Kalli ya girgiza masa kai. Saleh da kansa ya nufi motar. A bakin ƙofa ya tsaya.

"Yallaɓai, in na bi su ɗaya bayan ɗaya na roƙe su, za su goge?"

Kalli ya tuna mutanen da ya gani a teburan shayin Nguru, kowa da wayarsa yana kallo.

"Shiga mu tafi," ya ce.