Geron Intadam

Da hantsin ranar Alhamis Madam Fatouma ta faɗo komisariyar Agadez ko sallama babu, ta dire wata takarda a gaban Enspekter Bahago har shayinsa ya fantsama. Ita ce shugabar wani proje mai raba cimaka, mace ce da ba ta iya magana a hankali ba ko a gidan makoki.

"An sace mini kamiyo guda na gero, babbar mota cike, Mushe Enspekter. Ba a fasa mangazar ajiya ba, ba a tare hanya ba. Da rubutu aka sace shi."

Bahago ya ja takardar da hannun hagu. Labari ne da aka buga daga anternet, da hoton wata tsohuwa tsaye a bakin rijiyar da ta rufta, ƴar ƙaramar yarinya na riƙe da zanenta. A sama an rubuta cewa Rijiyar Tanko na mutuwa da ƙishirwa. A ƙasa kuma sunan Kadidia ne.

Duk garin ya san Kadidia. Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki, daminar bara ta yi rowa, ta bana kuma ta ƙi leƙowa. Kadidia, malamar lakwal, wato makarantar boko, ta ajiye alli ta shiga zaga ƙauyuka, tana rubuta abin da idonta ya gani a wani blog na kyauta. Masu ba da taimako a Turai suna karanta ta. Inda ta nuna, can ake tura buhu, ba wanda ke wahalar da kansa da sake dubawa.

"Mun kai gero Rijiyar Tanko," in ji Madam Fatouma. "Yunwa akwai, ban musa ba, amma rijiyarsu garau take. Matar da ke cikin hoton nan kuwa ga ta can ƙofarku. Daga Intadam ta tako da ƙafarta. Kuma kwamitin sojoji da ke sa ido kan taimako ya ce in Litinin ta yi ba mai laifi, a miƙa musu Kadidia."

Bahago ya ture takardar gefe. Ya san wanda aka kai sansanin soja a shekarar nan ba a tambayar ranar fitowarsa. Ya fita ya durƙusa gaban tsohuwar, sunanta Kande.

"Inna, me ya kawo ki?"

"Ƴar nan Kadidia ce ta ce kada mu tashi, mu jira mota. Mun jira."

"Ina jikar taki ta cikin hoto?"

"Baturiya? Mun baro ta can."

Bai sake tambaya ba, ya gane yarinyar ta rasu.

Da aka kawo Kadidia, idonta ya yi ja amma ba ta yi kuka ba. Bahago bai yarda da masu kuka ba, bai kuma yarda da marasa kuka ba. Shi dai bai yarda da kowa ba sai ya gani.

"Madam, ina ne garin mijinki?"

"Rijiyar Tanko. Uwarsa tana can. Shi yana Libiya neman abinci."

"To ai kin ga yadda maganar take wari."

"Na gani, ranka ya daɗe. Amma wallahi Intadam na rubuta."

"Nuna mini a blog ɗin naki."

"Babu shi. Gidan aro ne, tallace-tallace sun cika shi, har hoton mata tsirara-tsirara suke liƙawa kusa da yara masu yunwa. Shi ya sa na buɗe shafina na kaina. Hassane mai sibar, shagon anternet, yake kwaso labaran ɗaya bayan ɗaya, wanda ya ƙaura sai in goge shi a tsohon wuri."

"Kika share sawunki da hannunki ke nan. Wa ke kai ki daji?"

"Inoussa, ƙanen mijina. Shi ke da mota, tun lokacin da yake yawo da Turawa masu buɗe ido."

"Wa kuma kike zargi?"

"Lawali ɗan kasuwa. Kullum yana sibar yana leƙen abin da ake yi, kuma an ce ya sayi gero a Rijiyar Tanko."

Lawali bai ci wa Bahago lokaci ba. Ya sayi geron, ƙwarai, ya kuma rantse cewa ciniki ba sata ba ne. Amma duk satin da aka yi ƙaurar labaran yana kan hanyar Bilma da lodin kaya, jandarmomin shinge sun shaida. Ga shi ko sunansa bai iya rubutawa da boko ba. Bahago ya sallame shi, ransa bai so ba.

Sibar ɗin Hassane ɗaki ne guda kusa da tsohuwar kasuwa, ordinater huɗu a ciki, biyu sun mutu an lulluɓe su da zane. Hassane siriri ne mai saurin baki, yana ganin ɗan sanda ya fara gumi.

"Kai ka canja sunan," in ji Bahago, ba da sigar tambaya ba.

"Ni? Subhanallahi! Mushe, zo ka gani da idonka." Ya buɗe labarin ya ɗora yatsa a can saman gilashi. "Kowane labari, ranar da na kawo shi sabon shafi, adireshinsa yakan ɗauki sunan da ke kansa. Karanta."

Bahago ya sunkuya. A jikin labarin Rijiyar Tanko ce ko'ina, amma a cikin dogon adireshin nan da ba mai kulawa da shi, ga Intadam zaune daram.

"Ka ga lafiya ya iso," in ji Hassane. "Daga baya aka taɓa shi. Kuma da ni ne, ai da adireshin zan fara gyarawa. Sana'ata ce fa."

"Yabon kai jahilci. Yaushe aka taɓa shi?"

Hassane ya danna nan ya danna can, ya dubo ranar. "Safiyar roƙon ruwa."

Bahago ya tuna ranar. Gari duka ya rufe, manya da yara suka fita da tsofaffin tufafi. Shi kansa yana cikin sahu.

"Kana ina?"

"Wurin salla mana! Da liman ya juya rigarsa muka juya namu, ni na manta ban mayar ba. Haka na ratsa kasuwa da riga a bai-bai, mahauta na yi mini dariya har yau. Tambaye su."

"Wa ke da kalmar sirrin shafin?"

"Ni da Madam Kadidia kawai. Amma…" Ya sosa ƙeya. "A buɗe na bar shi. Mushe, rezon garin nan ka san shi, hoto guda sai ka sha shayi uku bai hau ba. Na ce yau kowa na wurin salla, layi zai saki. Na jera hotuna, na tada gurub, injin wuta, tunda ba kuran, na ja ƙofa na sa makulli a saman dogarin ƙofa inda nake sawa."

"Wa ya san wurin?"

"Na gida duka sun sani."

Bahago ya zaga baya ya dubi gurub ɗin, wani ɗan ƙaramin inji mai tankin da bai fi buta ba. "Wannan abin zai kai tun fitarku har dawowarku?"

"Ai abin mamakin ke nan. Esansin da na zuba, wato fetur, kaɗan ne, na san zai mutu a hanya. Na dawo na iske shi yana ruri, tanki kusan rabi. Na ce albarkar addu'a ce."

"Ruwa muka roƙa, Hassane, ba esansi ba."

Mahauta sun shaidi riga a bai-bai, har da ƙarin gishiri. Kadidia kuma ta nuna hotunan da ta ɗauka a wurin sallar daga sahun mata, tun taruwar jama'a har watsewarsu. Bahago ya tambaye ta abu guda: wa ya kai ta?

"Kabu-kabu na hau. Inoussa ya ce motar ba ko ɗigon esansi."

"Da yamma fa?"

"Da azahar ya tafi gaida Inna, uwarsu, a Rijiyar Tanko. Ya daɗe can, shekaranjiya ya dawo." Tana faɗa tana jin abin da bakinta ke faɗa.

Ranar Asabar Bahago ya tara su a buronsa: Madam Fatouma, Kadidia, Hassane, da Inoussa. Inoussa dogo ne mai fara'a, rawaninsa fes, ya gaida kowa da Faransanci mai daɗi irin na wanda ya saba da baƙi.

"Malam Inoussa, ka iya ordinater?"

"Kaɗan-kaɗan. Da can nakan amsa wa Turawana saƙo."

"Ranar roƙon ruwa kana ina?"

"Inda kowane Musulmi yake, Mushe Enspekter."

"Madalla. Ni ma ina can, ban gan ka ba. Ta ina ka tsaya?"

"Jama'a ce da yawa. Jikin katangar filin idi, ta gabas, inda muke tsayawa kowace salla."

Hassane ya buɗe baki, Bahago ya ɗaga masa hannun hagu.

"Ka juya rigarka?"

"Na juya."

"A filin idi."

"A filin idi."

"To kai kaɗai ka yi taka sallar. Da sassafen ranar sojoji suka ce ba a taruwa a filin idi, aka juya jama'a zuwa cikin korin Telwa, busasshen rafin nan. A kan yashi muka yi ta, ba katanga ko ta kara. Ka bar gari da azahar, shi ya sa ba wanda ya ba ka labari."

Fara'ar Inoussa ta ɗauke. Bahago ya ci gaba, a hankali, yana kallonsa.

"Labarin ya ƙaura lafiya, adireshinsa ya shaida. Wanda ya taɓa shi ya iya rubutu amma bai san aikin ba, saboda haka ba Hassane ba ne. Ya san inda makulli yake. Yana tsakiyar gyara gurub ya fara tari, ya ji tsoron kada ya mutu aiki bai ƙare ba, ya zuba masa esansi. A garin da ake layin kwana a gidan esansi, wa ke yawo da bido, jarkar mai? Mai mota. Mai motar da ya ce wa matar wansa ba ko ɗigo, sannan da azahar ya kama hanyar daji. Ka san kuma Kadidia ta goge tsohon labarin, ba mai kama ka. Ɓarawo kan ɗauka ne, kai ka ƙara, abin da ya tona ka ke nan."

Inoussa ya sauke rawanin daga bakinsa.

"Uwata ganyen jiga take dafawa," in ji shi. "Sau nawa na ce miki, Yaya, ki rubuta garinmu? Kika ce kada a ce kin yi son kai. Ni na kai ki Intadam, ni na riƙe miki jaka kina ɗaukar hoton uwar wani. Na ce in wannan kamiyo ya tafi namu, wani zai zo nasu. Ban san shi ke nan ba."

"Shi ke nan," in ji Madam Fatouma, kuma karon farko a hankali ta faɗa. "Sai bayan damina, in an yi ta."

Bahago ya ji tausayinsa, ya kuma ji haushin kansa da ya ji. Ya kira a tafi da shi. Har sun kai ƙofa Kadidia ta yi magana.

"Inoussa. Geron da ka kawo mana ranar da ka dawo, ka ce Inna ce ta aiko wa jikokinta. Na buhun nan ne?"

Bai juyo ba. "Na buhun ne."

"Ni na surfa shi da hannuna," ta ce. Sai a lokacin hawayen suka zo.

Bahago ya rubuta wa kwamitin sojoji cewa an samu mai laifi, Kadidia ba ta da hannu. Hassane ya yi alkawarin mayar da sunan Intadam kafin la'asar. Aka ce mata ta tafi gida, ba abin da ya rage.

Amma ƙofar komisariya ɗaya ce, kuma Kande na nan zaune a inuwar katanga inda take wuni tun ranar Alhamis. Kadidia ta tsaya, ta durƙusa har ƙasa.

"Inna, an gano ba ni na canja sunan ba. Amma ni na ce ku jira. Kuma geronku, har a gidana an ci shi."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon ƙafafunta da suka tsattsage.

"Yaranki sun ƙoshi?"

"Sun ƙoshi, Inna."

"To alhamdu lillahi, bai zube ƙasa ba." Ta dafa katanga ta miƙe da kanta, ba ta kama hannun da Kadidia ta miƙo mata ba. "Hoton nan da kika ɗauka, ki ba ni shi a takarda. Ba ni da wani na Baturiya."