Ma'aunin Zumunci

Fitilar da ke goshin na'urar ta koma shuɗiya, alamar ta fara aiki. Inna Barira ta ɗora tafin hannunta a kan gilashin kamar yadda 'yarta Hansatu ta nuna mata, sanyinsa ya ratsa ta har ƙashi.

Ma'aunin Zumunci ake ce wa na'urar. Kamfanin Rumbun Sama, mai ba mutane masaukin shafukansu na intanet, shi ya ƙera ta bayan ya gaji da masu manta kalmar sirri da masu kawo shaidar zur. A birnin Sabon Tudu babu abin da ba ya saurare. Fitilun titi, kujerun jirgin ƙasa, har murhun girki, duk naɗar magana suke yi. In mai asusu ya rasu, sai na'urar ta tattaro duk abin da aka taɓa faɗa a kansa, ta auna wanda ya fi kusa da shi, ta miƙa masa mabuɗi. Masana suka ce an gama da rigimar gado har abada. Su dai masana ba sa rasa abin cewa.

Asusun na Zayyanu ne, ɗan Barira na fari, wanda ciwon huhu ya ɗauke da daminar bana. A cikinsa akwai Tungar Maje, ƙauyensu da ruwan madatsa ya shanye. Zayyanu ya sake gina shi a shafinsa gida-gida, har da rijiyar bakin kasuwa, kuma muryarsa ce ke zagayawa da duk wanda ya shiga. Ita ce kaɗai muryarsa da ta rage musu. Kamfani kuwa ya sanar cewa asusun da bai sami magaji ba, ran Juma'a za a share shi.

"Barka da zuwa," in ji na'urar. "Mece ce alaƙarki da mai asusun?"

"Ni na haife shi."

Fitilar ta yi ƙifta-ƙifta. "A duk maganganunki da aka naɗa, ba ki taɓa ambaton sunansa ba. Kina ce masa wancan, ko yaron nan. Ba ki taɓa yabonsa ba. Ranar da birni ya karrama shi, tashi kika yi kika shige ɗaki. Ko sau ɗaya ba ki buɗe shafinsa ba."

Hansatu ta zabura. "Ke, ɗan fari ne fa! A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna sonsa a gaban mutane. Kunya ce!"

"Babu kunya a cikin abubuwan da nake aunawa."

"To ni a ba ni, ƙanwarsa ce," in ji Hansatu.

"Ke ma Yaya kike cewa. Dubban mutane ne ke amsa Yaya a birnin nan."

"A kira mana mutum mu yi magana da shi, don Allah."

"Babu ma'aikaci ɗan Adam a wannan reshe."

Zuciyar Barira ta yi baƙi ƙirin. Ranar karramawar ta shige ɗaki ne don kada a ga hawayen murna a idonta. Shafin kuwa, duk sanda Hansatu ta buɗe shi, bayan labule take raɓewa tana saurare har ƙafarta ta yi tsami. Tsoka mafi kyau a tukunya tasa ce tun yana yaro, sai dai ta hannun wani take aika masa. Duk wannan a shiru aka yi shi, shiru kuwa ba ya naɗuwa.

"Inna," Hansatu ta ce da raɗa, "ki daure ki faɗa. Sau ɗaya tak."

Barira ta waiga. Layi ya miƙe a bayanta, maza da mata, kowa ya zuba mata ido. Ta ja mayafinta. Sunan da ta riƙe a ƙirjinta tun ranar da aka raɗa shi ya fito da ƙyar.

"Zayyanu. Zayyanu ɗana ne."

"An karɓa," in ji na'urar. "Sai dai muryarki na rawa, irin ta wadda ba ta saba da sunan ba. Alamar sojan gona ke nan. An ƙi buƙatarki."

"To wa za a ba?" Hansatu ta tambaya tana kuka.

"An riga an sami magaji. Manhajar tallarmu tana kiran sunansa kowace safiya, ba ta taɓa fashi ba. Ita ta fi kowa kusa da shi. Ta bayar da izinin sharewa, domin ana buƙatar wurin. Na gaba."

A jirgin komawa gida Barira ta jingina kanta da taga. Tun da bakin ya buɗe, ya ƙi rufuwa. Tana ta maimaita sunan a hankali, kamar mai lallashin jariri, kujerar da take kai tana naɗa, fitilun hanya suna naɗa. Yanzu birnin kaf yana da shaida, amma babu mai tambayarsa.

Ran Juma'a Hansatu ta buɗe shafin, allo ya fito fari fat. Barira na tsaye a bayan labule, ta kasa kunne tana jira. Tungar Maje ta nutse karo na biyu, wannan karon har da ɗanta a ciki.