Saran da Aka Rufe da Fenti

"Shekara tara, Amadeu! Sai yau ka tuna hanyar yankinmu na Alentejo?"

"Haba Benedita, rabin raina... don wa na yi ta wanke-wanke a otal ɗin Suwizalan in ba don ke ba?"

Ta murguɗa baki, amma ina! Zuciya tuni ta sallama. Saura mahaifinta, Baba Anacleto, wanda idonsa ya mutu shekara biyar ke nan. Ita ce idonsa. Ko hadari ya ji ƙamshinsa sai ya juyo: "Me kika gani, Benedita?" Abin da ta faɗa kuwa ya zauna.

Tsohon ya laluba tafin hannun Amadeu, ya yi tsaki.

"Hannu kamar burodi! Ga itacen da kakanta ya shuka can, bana ake ɓare shi. Ka cire ɓawon ba tare da ka taɓa naman ciki ba, na ba ka ita. Mai yi wa itace rauni ba ya riƙe mace."

Ɓawon nan shi ne cinsu, shi ne shansu. Sau ɗaya ake ɓare shi a shekara tara, a sayar wa masu yin toshiyar kwalba. In gatari ya zarce kaɗan, wurin ba ya sake yin ɓawon kirki.

Da sassafe Amadeu ya ɗaga gatari. Sara na farko lafiya, na biyu lafiya. Na bakwai ne ya zarce. Benedita na tsaye da gwangwanin farin fenti, don ita ke rubuta lambar shekara a jikin duk itacen da aka ɓare. Ta ga tsagar tana tsattsafo da ruwa.

"Ki rufa min asiri, masoyiyata..." Amadeu ya raɗa mata.

"Me kika gani, Benedita?" in ji tsohon daga inuwa.

Wayyo! Ta tsoma buroshi, ta danna lambar a kan tsagar, ta cika ta da fenti.

"Sumul yake, Baba."

Tsohon ya taso da sandarsa. Mutumin da ya yi shekara hamsin yana wannan aiki! Ya shafa itacen daga sama, yatsansa ya tsaya cak a cikin ɗanyen fentin. Ya danna, ya ji tsagar a ƙarƙashinsa.

"To," ya ce a hankali. "A sa rana."

An yi biki, an sha giya, an yi waƙa. Yanzu wata bakwai ke nan, ita ke kai wa mahaifinta miya, ita ke ɗaura masa takalmi, yana kuma yi mata godiya kamar baƙuwa.

Jiya hadari ya haɗo. Tana zaune gefensa, tana jira ya tambaye ta.

Ya ɗaga murya ta kan katanga.

"Maƙwabciya! Don Allah duba min sama... me kika gani?"